Mun Kai Yaya Ilu Inda Ba a Ɗaure Kowa

Tun da na dawo daga Kudu ban huta ba. A ofishin malamai tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, har wanzamina sai da ya tsayar da aska a tsakiyar kaina ya ce wai gaskiya ne Yarabawa baƙin tuwo suke ci. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Ga shi nan na rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da ni kaina ban fito da kyau ba.

Duk wanda ya san gidanmu a Daura ya san wana, Yaya Ilu, ya kuma san cewa ɗan daudu ne. Ba sabon labari ba ne, an yi shekara ashirin ana yinsa. Yana da rumfar abinci a Kongolam, bakin iyaka, inda direbobi da fatake masu shiga Damagaram suke yada zango. Da yawa daga cikin masu taɓe baki idan an ambace shi a zaure, in hanya ta bi da su Kongolam a rumfarsa suke lashe yatsu. Akwai kuma Mamman, wani mai fataucin shanu daga wajen Ɓaure, mutum mai iyali, marar yawan magana. Shekara goma sha biyar, in dai Mamman ya sauka Kongolam ba a tambayar inda ya sauka. Na sani, kowa ya sani, ba wanda ya taɓa furtawa.

Motar shanu ta kife da Mamman a kan hanyar Kano, Allah ya karɓi abinsa. Bayan nan da kwanaki Yaya ya rufe rumfa. Ya daina girki, sa'annan ya daina magana, daga baya ya daina ci. Muka ɗauko shi zuwa gida, sai ya zauna ya fuskanci bango, tun hantsi har faɗuwar rana. Mutum ne mai jiki da dariya, amma cikin wata bakwai ya koma kamar sandar makiyayi.

Ba mu zauna ba. Malamai sun yi rubutu ya sha, sun yi addu'a, Allah ya saka musu. Wani kawunmu ya ce iska ce, a kai shi turu kafin ya fara duka, alhali ko ƙuda Yaya ba ya korewa. Na kai shi wani asibiti da ba zan faɗi sunansa ba. Ma'aikacin ya dubi ragowar lallen da ke farcensa, ya dube ni, ya ce ai ciwon a bayyane yake, a yi masa aure. Ya ba mu ƙwayar barci, ya kira na gaba. A nan na gane cewa irin su Yaya ko ciwon haƙori suka kai, daudun za a fara dubawa.

Wani abokin karatuna mai aikin jinya a Kano shi ya gaya mini akwai asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙasar Yarabawa, gaba da Badun, inda ba a kulle marar lafiya. Ya ba ni takarda, ya ce amma da sharaɗi: ba sa karɓar mutum sai ya zo da ɗan uwan da zai zauna tare da shi har ya warke, ya dafa masa, ya yi masa wanki, kuma sun fi son uwa ko gwaggo ko mata. Mahaifiyarmu ta rasu. Yaya bai taɓa aure ba. 'Yan uwanmu mata suna gidajen mazansu, mazan kuwa kowa ya sami uzuri. Ni hutun damina kaɗai gare ni. Na ce mu dai tafi, in mun isa gaban likita ma san abin yi, don in aka ƙara wata biyu a haka sai dai a kai Yaya wani wurin da ba a dawowa.

Ranar tafiya muka isa tashar mota da sassafe, sai na tarar da Alhaji Tanko zaune a kan buhun gero. Shi ne babban 'yan daudun Kongolam, a hannunsa Yaya ya koyi girki, su kuwa Inna suke ce masa. Dogo ne, tsoho, da haƙorin Makka da gyale a kafaɗa. A gefensa ga tukwane biyu, ga ƙaramin turmi, ga ƙunshin kuka da daddawa. Na gaishe shi, na tambaye shi ina zuwa.

"Inda za ka kai 'yata," in ji shi. "Kai Mai-alli, ka iya dama kunu?"

Na ce ban iya ba.

"To matsa in sa kayana."

Gaskiyar magana, 'yan cokulan kunun da suka riƙe ran Yaya duk watannin nan daga hannun Tanko yake karɓarsu, ba ya karɓa daga hannun kowa. Na matsa ya sa kayansa. Amma ni malamin makaranta ne, ina da mutuncin da nake tattali kamar ƙwai a cokali, don haka na gindaya masa dokoki. Ya rage murya, ya daina karya wuya da tafa hannu, ya daina ce wa Yaya "ke" a gaban mutane, kuma daga yau shi kawunmu ne. Ya saurara har na gama, ya ce to, Allah ya sa kawun ya yi kama da kawu. Kafin mu kai Kazaure ya karya uku daga cikin huɗun.

A tashar jirgin ƙasa ta Kano na ga abin da arzikin man fetur ya yi wa mutane. Kowa da akwatin rediyo a kafaɗa, kowa da tasharsa, sai ka ce gasar zakaru. Da jirgi ya tsaya aka yi ca a kan ƙofofi. Tanko ya cusa tukwanensa ta taga, ya rungumo Yaya ya ratsa taron kamar wuƙa a cikin kabewa. Ni da na tsaya neman layi, aka ɗauke ni sama aka dire ni a cikin tarago, takalmina na dama ya zauna a Kano. Har yau yana can. Tanko ya buɗe jakarsa ya miƙo mini silifa ja mai fure a ka. Da ita na ratsa rabin Nijeriya, ni mai dokoki.

Kafin Zariya, Tanko ya mallaki taragon. Ya buɗe kwanon soyayyun kaji, ya bi kowa da tsoka da tsiya, ya san mai zuwa sarin goro, ya san sojan da zai je ganin jaririnsa. Wani dattijon malami mai zuwa Ilori yana zaune daura da mu. Da farko ya kau da kai yana jan carbi da ƙarfi, kamar carbin ne ya yi masa laifi. Tanko ya ɗora cinyar kaza a takarda ya ajiye kusa da shi. Muna barin Kaduna na ga ƙashi kawai a takardar. Can malamin ya tambaye ni abin da ke damun wana, na ce rashin lafiya. Ya daɗe yana dubansa, sa'annan ya kama hannunsa ya yi masa addu'a mai tsawo. Yaya bai ɗago ba. Amma bai janye hannun ba.

Muka kwana a hanya, gari ya waye mana kusa da Jabba. Nan ne bakin iyaka na gaskiya a tafiyarmu, ko da yake ba fasfo ake nema ba. Sojoji suka shigo binciken kaya. Ɗayansu, wani saurayi daga Gabas, ya kwance ƙunshin Tanko ya sa hanci, sai ya ja da baya har hularsa ta karkace. Ya ce mene ne wannan da ya mutu a ciki. Na yi masa bayani da Turancin da na fi ji da shi, cewa ƙwayar ɗorawa ce aka dafa aka rufe ta kwana uku. Bai gamsu ba. Tanko ya ce in gaya masa abin da ya mutu a ciki shi ne yunwa, in yana shakka ya kawo tukunya. Sojan da zai je ganin jariri ya sa baki, aka yi dariya, aka bar mana daddawarmu.

Sai gada. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da Kogin Kwara. Ina zana shi a allo da shuɗin alli, siriri kamar zaren lilo, ina dukan tebur ina cewa a haddace inda ya faro da inda ya ƙare. Ashe ban san abin da nake faɗa ba. Ruwa ne ja, cike da damina, yana tafe a hankali kamar wanda ba ya tsoron kowa, faɗinsa ya fi daga ƙofar gidanmu zuwa bayan gari. Jirgin ya rage gudu, ƙarfen gadar yana amsawa a ƙarƙashinmu. Duk rediyoyin nan aka kashe su ba wanda ya ba da umarni. Malamin Ilori yana ta tasbihi. Kwalekwale ɗaya na hango a tsakiya, mai tuƙinsa bai fi ƙwayar gero ba. Tanko ya juya kan Yaya wajen taga ya ce, "Ke dubi ikon Allah." Yaya ya dubi gwiwarsa. A nan tsoro ya kama ni sosai, don na ce wanda wannan kogi bai motsa ba, me ɗan Adam zai gaya masa?

Daga nan ƙasa ta sake riga. Itatuwa suka yi ta tsawo suna matsowa har suka haɗe kai, sama ta koma 'yar ƙyalle. Mu da muke roƙon ruwa a Daura, can sai ka ce roƙon a tsagaita suke yi. Da la'asar muka shiga Badun. Ban taɓa ganin gari kamarsa ba: rufin jan kwano mai tsatsa iyakar ganinka, tudu bayan tudu, kamar an shanya barkonon duniya. Motocin siminti sun toshe hanya, mata su ne masu kasuwa, kuma ba wadda take magana a hankali.

Muka sauka a Sabo, unguwar Hausawa, gidan wani dillalin goro mutumin Dutsi wanda ya shekara talatin bai ga gida ba. Abin da ya fara tambaya shi ne ko har yanzu tsamiyar bakin kasuwarsu tana nan. Na ce tana nan, ko da yake ban sani ba. Ya dubi Tanko, ya dubi silifata, ya ce mu shigo, Allah ya yi masa albarka. Matarsa Bayarabiya ce, ita ta kawo mana baƙin tuwon da wanzamina yake tambaya. Na busasshiyar doya ne, sunansa amala, launinsa kamar laka, santsinsa kamar alkaki bai sha wuta ba. Miyar kuwa lalo ce tsantsa da jar miya a kai, barkonon cikinta ya isa a yi yaƙi da shi. Na ci ina hawaye ina godiya. Tanko ya ɗanɗana irin ta masana, ya tashi ya bi matar madafa. Ba ta jin Hausa sosai, shi ba ya jin Yarabanci ko kaɗan, amma har magariba muna jiyo su suna gardama.

Abu biyu na lura da su a wajen mutanen nan. Na farko, saurayi da kwat da agogo zai ga dattijo ya zube rub da ciki a ƙasa, ko da taɓo ne. Mu durƙuso muke yi muna ganin mun kai ƙarshen ladabi. Na biyu, gaisuwa. Ina taƙama Bahaushe ya fi kowa, mai sannu da aiki da sannu da hutawa. To su suna da gaisuwar zama, da ta tsayuwa, da ta wanda ya daɗe bai ci ba, da ta wanda ruwa ya daka. Mai masaukinmu ya ce a wurinsu duk halin da mutum yake ciki, in ba a gaishe shi a kansa ba, kamar an ce ba a gan shi ba ne.

Washegari muka ɗauki mota zuwa asibitin. Na tafi da hoton da kowane ɗan Arewa yake da shi: katanga mai tsawo, ƙofar ƙarfe, ihu. Na tarar da farin gini da filin ciyawa, sa'annan ƙauyuka a kewaye, kuma a cikin ƙauyukan nan marasa lafiya suke zaune, a ɗakunan mutanen gari, kowa da ɗan uwansa. Da safe su taka zuwa wurin likita a ba su magani, da rana wani ya tafi gona, wani saƙa, wani ya zauna a inuwa. Yara suna wasa a gabansu ba mai jifa. Na duba ƙafafu, don a ƙafa ake gane wanda ya sha turu. Na ga masu tsohon tabo da yawa, ban ga sarƙa ko ɗaya ba. Na yi ƙoƙarin rarrabe marar lafiya da mai masaukinsa, na faɗi jarrabawar warwas. Aka kuma gaya mini likitocin har zama suke yi da masu maganin gargajiya na garin su yi shawara. Na tuna kawunmu da turunsa, na rasa inda zan sa kaina.

Aka shigar da mu wurin likita. Gajere ne, mai furfura a gefen kunne, yana magana kamar kalmomin saye yake yi. Kusa da shi babbar nas, wadda suke kira Sista, tana rubutu. Yaya ya zauna a benci ya nemi bango ya fuskanta. Likita ya ce al'adarsu ita ce su ji ta bakin duk wanda ya rako marar lafiya, babba ya fara. Ni ne tafinta, tun da ni ne mai Turanci.

Tanko ya gyara gyalensa ya ce shi ne uwar Ilu a daudu, shekara ashirin yana hannunsa. Na ce wa likita wannan kawunmu ne, ya san marar lafiya tun yana yaro. Tanko ya ce Mamman shi ne na Ilu, abin da miji yake ga mace haka yake gare shi, ko da yake ba liman ba goro. Ya faɗi yadda suka haɗu, da yadda Mamman ba ya cin girkin kowa in ya zo, da ranar da labarin motar ya iso rumfa. Ya yi magana mai tsawo. Na ce wa likita wani mai sayen abinci a rumfar ya rasu, wataƙila abin ya ɗan taɓa shi.

Likita ya dube ni ta saman tabarau ya ce lallai Hausa harshe ne mai ban mamaki, tsoho ya yi zance mai tsawon huɗuba, ya fito a Turanci layi ɗaya. Kafin in sami amsa, Sista ta ajiye alƙalami ta yi magana da Hausa garau, irin ta Gusau.

"Malam, a Gusau aka haife ni, babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ko dai ka faɗi abin da dattijon nan ya faɗa, ko ka koma benci in karɓe ka. Amma na fi so ya fito daga bakinka, tun da yayanka ne."

Ni da nake tsayar da yaro a gaban aji don ya tsallake layi a karatu. Na dubi jar silifar da ke ƙafata. Tanko ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ashe Mai-alli goge allo kake yi ina rubutu."

Na fara daga farko. Na faɗi daudu, na faɗi Mamman, da bakina, da Turancin da na koya don in zama mutum a idon Turawa. Sa'annan Tanko ya ci gaba, ina bin sa jimla jimla, har ya kai ga abin da ban taɓa ji ba. Ashe rana ta uku da rasuwar Mamman, Yaya ya yi wanka ya sa farar riga da hula, ya tafi Ɓaure wurin zaman makoki. Yana isa ƙofar gidan wani ƙanen mamacin ya tare shi, ya ce ya rufa musu asiri ya koma. Ya komo Kongolam a ƙafa. Masu cin abinci a rumfarsa suna ta zancen rasuwar a gabansa, suna yi wa juna ta'aziyya, shi kuwa suna ce masa ya ƙaro miya. Da na zo fassara wannan sai da na tsaya na sha ruwa.

Na jira likita ya ce ga ciwon nan a bayyane. Sai ya tambaya, cikin shekara ashirin ɗin nan na daudu, yana cin abinci? Tanko ya ce har ya ciyar da rabin Kongolam. Yana barci? Yana ciniki, yana sallah, yana dariya? Duk aka ce e.

"To ba wannan ne ya kawo ku ba," in ji likita. "Mutum ya shekara ashirin da abu yana ci yana barci. Ni abin da ya hana shi ci wata bakwai nake nema."

Ya ce baƙin ciki iri biyu ne. Akwai wanda yake wucewa da kansa, akwai wanda yake danne mutum har ya zama ciwo kamar kowane ciwo, yana da magani, amma sai an yi makonni kafin a ga aikinsa. Ya ce in akwai rubutun malam a kayanmu a ci gaba da ba shi, ba sa faɗa da juna. Na tattara ƙarfin halina na kawo maganar sharaɗi, na ce ba mu da uwa ko gwaggo da za ta zauna, Alhaji kuwa ba jininmu ba ne. Likita ya tambayi daga hannun wa marar lafiya yake karɓar abinci. Na nuna Tanko. Ya ce wa Sista ta rubuta sunansa a gurbin. Iyakar shari'ar ke nan. Abin da na kwana a jirgi ina ƙulla wa ƙarya, aka warware shi kafin a ɗiga tawada.

Sista ba ta koma ga rubutunta nan da nan ba. Ta tambaye mu, a cikin wata bakwai ɗin nan wa ya yi masa gaisuwa. Tanko ya ce su dai sun yi kuka tare a bayan rumfa, amma gaisuwa irin ta mutane, a zo a zauna a shafa fatiha, babu. Ta dube ni. Ni ma ban yi masa ba. Sai matar nan, Kirista, da farar rigarta mai sitaci, ta zagaya ta durƙusa tsakanin Yaya da bangon da yake kallo.

"Malam Ilu, ashe rashi aka yi. Sannu. Allah ya jiƙan Mamman, ya ba ka haƙuri."

Kafaɗun Yaya suka fara rawa. Hawaye ya zubo har ya jiƙa gaban rigarsa, kuma Tanko ya ce rabonsa da hawaye tun ranar Ɓaure. Kogin Kwara bai sa ya ɗaga kai ba. Kalma goma sha biyar ta mace baƙuwa ta sa.

Aka ba su ɗaki a gidan wata tsohuwa mai sayar da manja. Na zauna tare da su mako uku. Ina raka Yaya karɓar magani da safe, ina ɗebo ruwa, har na koyi dama kunu, ko da yake Tanko ya ce nawa sai dai a liƙa takarda da shi. A mako na biyu Yaya ya cinye tuwo rabin kwano. A na uku ya fara zama a ƙofar ɗaki yana kallon Tanko da tsohuwar suna rigima a kan murhu, wata rana ma ya ce wa Tanko gishiri ya yi yawa. Tanko ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba. Yaya yana magana da likita kaɗan kaɗan, Sista tana fassara. Ni kaɗai ne bai ce wa uffan ba. Na san dalili. Kullum ina shirya kalmomin a bakina, kullum in na zo gabansa sai in tambaye shi ko ya sha magani.

Ranar da zan taho, don an kusa komawa makaranta, na ɗaure jakata da hantsi, mota tana jira a bakin hanya. Yaya yana zaune a kan tabarma yana tsince shinkafa a faifai. Na tuɓe takalmi, na durƙusa a gabansa kamar yadda ake yi a kowane zaure a Daura, na ɗaga hannu.

"Yaya, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Mamman, ya sa ya huta, ya kai haske kabarinsa."

Ya ajiye faifan. Ya ɗaga nasa hannun, muka shafa tare.

"Amin," ya ce. Muryar ta dushe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. "Ka san shi?"

Na ce na san shi.

"Ba ka san shi ba. Zauna in gaya maka."

Na zauna. Direba ya yi ta busa ƙaho har ya gaji ya tafi. Yaya ya yi magana har azahar, muka yi sallah, ya ɗora daga inda ya tsaya. Abin da ya gaya mini nasa ne, ba ya cikin wannan labari. Na iso Daura bayan an buɗe makaranta da kwana biyu, hedimasta ya yi mini faɗa, na karɓa da hannu biyu.

Sista ta rubuto mini makon jiya. Ta ce Yaya ya ƙwace murhu daga hannun Tanko, kuma in Allah ya yarda bayan Babbar Sallah za su taho. A gidanmu zai fara sauka. Zan shimfiɗa tabarmi a zaure kwana uku, in ajiye buta da ruwa. Ba gaisuwar sannu da zuwa ba ce, wannan ma iya yinta a hanya. Wanda ya taɓa cin abinci a rumfar Kongolam ya san gaisuwar da zai zo da ita.